Tseren kekuna: Ƙwayoyin ƙara kuzari da dokokin da ke bin sawunsu

A kundin tarihin gasar Tour de France, wadda ita ce mafi girma a tseren kekuna na duniya, akwai gurbi na shekaru bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, inda babu sunan kowa a matsayin zakara.

An yi tseren a duk waɗannan shekaru, kuma Ba'amurken nan Lance Armstrong ne ya karɓi rigar zakara mai ruwan ɗorawa a birnin Paris har sau bakwai. To amma a watan Oktoban 2012 aka goge sunansa, hukumomin wasan kuma suka ƙi miƙa kambun ga waɗanda suka zo na biyu.

Dalili kuwa shi ne, kamar yadda hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka, USADA, ta bayyana, daga cikin gurabe 21 na ɗaya zuwa na uku a waɗannan shekaru, 20 sun kasance ne a hannun mutanen da aka danganta su da magudi.

Armstrong ya yi shekara da shekaru yana bugun ƙirji cewa an gwada shi ɗaruruwan lokuta ba a kama shi ba. A ƙarshe shaidar abokan tserensa ce, waɗanda suka yi rantsuwa suka faɗi abin da idanunsu suka gani, ta tona asirinsa.

Haka tarihin wannan wasa yake tun tuni. Ɗakunan gwaje-gwaje sun kama mutane da dama, amma manyan badaƙalolin da suka girgiza tseren kekuna, jami'an kwastan ne da 'yan sanda da 'yan jarida da kuma 'yan tseren da suka tuba suka bankaɗo su. Dokoki kuwa sukan zo ne daga baya, bayan aikin gama ya gama.

Wasa mai cin rai

Tour de France tsere ne na makonni uku, mai zango 21, a kan nisan da ya haura kilomita 3,000, wato kwatankwacin tafiya daga Kano zuwa Legas sau uku. Wani ɓangare mai yawa na hanyar kuma hawan duwatsun Alps da Pyrenees ne.

A ƙwallon ƙafa, babu ƙwayar da za ta koya wa mutum yanka ko iya buga fenareti. Amma a kan keke, idan aka zo hawan dutse, abin da ke raba gardama shi ne yawan iskar oksijin da jini ke iya kai wa tsokoki. Duk abin da ya ƙara wannan, ko da kaɗan ne, yana iya mayar da ɗan tsere na tsaka-tsaki zakara.

Faransa ta kafa dokarta ta farko a kan lamarin a 1965. Da likitoci suka zo karɓar fitsarin 'yan tsere a gasar 1966, washegari sai 'yan tseren suka sauka daga kekunansu suka riƙa tura su da ƙafa domin nuna rashin amincewa.

Shekara guda bayan haka, ranar 13 ga watan Yulin 1967, ɗan Birtaniya Tom Simpson ya yanke jiki ya faɗi a kan dutsen Ventoux cikin tsananin zafin rana, ya mutu yana da shekaru 29. An samu ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa.

Gwaje-gwaje sun ƙaru bayan nan, dabarun kauce musu ma haka. A 1978 an kama ɗan Beljiyam Michel Pollentier, a ranar da ya karɓi jagorancin gasar, ɗauke da fitsarin wani a cikin 'yar roba da ya ɓoye a hammatarsa. Dakatarwar watanni biyu kawai aka yi masa.

Zuwan EPO

A ƙarshen shekarun 1980 ne al'amura suka canza baki ɗaya, sakamakon fitowar maganin EPO.

Asalinsa wani sinadari ne da ƙoda ke samarwa, wanda ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Kamfanonin magunguna sun sarrafa shi ne domin masu ciwon ƙoda da ke fama da ƙarancin jini. Idan mai lafiya ya yi allurarsa, jininsa zai ɗauki iska fiye da ƙima, amma kuma zai yi kauri, wanda hakan ke iya jawo toshewar jijiya ko bugun zuciya.

A wancan lokaci an samu mace-macen wasu matasan 'yan tsere a Holan da Beljiyam, kuma an yi ta zargin EPO, ko da yake ba a tabbatar da alaƙar a hukumance ba.

Fiye da shekaru goma babu wani gwaji da ke iya gano maganin. Abin da hukumar kula da tseren kekuna ta duniya, UCI, ta iya yi a 1997 shi ne ƙayyade kaurin jini: duk wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka haura kashi 50 cikin ɗari za a hutar da shi na makonni biyu, bisa dalilin kare lafiya.

A aikace wannan doka ta zama tamkar lasisi. Tun da jinin yawancin maza masu lafiya bai wuce kashi 40 da 'yan kai ba, sai ƙungiyoyi suka sayi ƙananan injunan awon jini, suna yi wa 'yan tserensu allura har zuwa kashi 49. Idan aka ji masu gwaji na tafe, a yi wa mutum ƙarin ruwa jinin ya tsinke.

Bjarne Riis na Denmark, wanda ya lashe gasar 1996, ya fito fili a 2007 ya amsa cewa da EPO ya yi nasara.

Motar Festina

Ranar 8 ga watan Yulin 1998, kwanaki uku kafin a fara gasar wannan shekara, jami'an kwastan na Faransa suka tsayar da wata mota a kan iyakar ƙasar da Beljiyam, kusa da birnin Lille. Direbanta, Willy Voet, mai yi wa 'yan tseren ƙungiyar Festina tausa da hidima ne.

A cikin motar an tarar da kwalaben EPO fiye da 200, da sinadarin ƙara girman jiki, da testosteron, da amfetamin. Allura ta tono garma.

Daraktan ƙungiyar, Bruno Roussel, ya amsa cewa ƙungiyar ce da kanta ke tsara sayen magungunan da rabon su, a ƙarƙashin kulawar likita. An kori Festina daga gasar, 'yan sanda suka riƙa kai samame otal-otal da dare, aka kwana da wasu fitattun 'yan tsere a bayan kanta. Sauran suka yi zaman dirshan a tsakiyar titi, ƙungiyoyin Spaniya kuma suka tattara nasu ya nasu suka koma gida. Daga cikin mutum 189 da suka fara tseren, 96 ne kawai suka isa Paris.

Tauraron ƙungiyar, Richard Virenque, ya yi shekaru biyu yana musantawa, kafin ya amsa laifinsa a gaban kotu a Lille a watan Oktoban 2000.

Babban abin kunyar ga hukumomin wasanni shi ne, waɗannan 'yan tsere sun sha tsallake gwaje-gwajensu lafiya lau. Gwamnatocin Turai suka fara tambayar ko ya dace a ci gaba da barin wasanni suna yi wa kansu alƙalanci.

Wannan matsin lamba ne ya haifar da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a watan Nuwamban 1999, wadda gwamnatoci da kwamitin Olamfik ke ɗaukar nauyinta tare. Kundin dokokinta na bai-ɗaya ya fara aiki a watan Janairun 2004. UCI, wadda a gidanta gobarar ta tashi, tana cikin hukumomin da suka yi jinkirin rattaba hannu, sai dab da wasannin Olamfik na Athens a wannan shekara.

Zamanin Armstrong

An yi wa gasar 1999 laƙabi da gasar sabuntawa. Wanda ya lashe ta kuwa mutum ne da ya tashi daga jinyar cutar sankara da ta kai har huhunsa da ƙwaƙwalwarsa. Wasan da mutuncinsa ya zube ba zai samu labarin da ya fi wannan daɗi ba, don haka kaɗan ne suka so a taɓa shi.

A wannan gasa ta farko ma an ga alamun sinadarin kotizon a fitsarin Armstrong. Ƙungiyarsa ta kawo takardar likita da aka mayar da kwanan watanta baya, aka ce man shafawa ne na ƙurajen zama a kan sirdi, UCI kuma ta karɓa.

Lokacin da wani ɗakin gwaje-gwaje da ke kusa da Paris ya ƙirƙiro hanyar gano EPO a shekarar 2000, sai masu magudi suka sauya salo. Suka koma yin 'yan ƙananan allurai kai tsaye cikin jijiya da dare, waɗanda ke ɓacewa cikin sa'o'i. Suka kuma farfaɗo da tsohuwar dabara ta ɗibar jinin ɗan tsere tun kafin gasa, a adana a firiji, a mayar masa a tsakiyar gasar lokacin da jikinsa ya fara gajiya. Jinin mutum ne na kansa, don haka babu baƙon abu da gwaji zai gani.

Waɗanda suka buɗe baki sun ɗanɗana kuɗarsu. Bafaranshe Christophe Bassons ya fice daga gasar 1999 bayan da abokan sana'arsa suka juya masa baya saboda rubuce-rubucensa a jarida. Emma O'Reilly, tsohuwar ma'aikaciyar ƙungiyar Armstrong, ta sha ɓatanci da barazanar shari'a. Jaridar Sunday Times ta Landan, wadda wakilinta David Walsh ya daɗe yana bin diddigin lamarin, sai da ta biya Armstrong kuɗi a 2006 domin sasanta ƙarar ɓata suna.

A watan Agustan 2005 jaridar wasanni ta L'Équipe ta ba da rahoton cewa an ga EPO a samfuri shida na fitsarinsa na 1999 da aka sake gwadawa. Babu hukuncin da ya biyo baya.

Ƙwan ya fashe ne a 2010, lokacin da Floyd Landis, tsohon abokin tserensa wanda shi ma aka ƙwace masa kambun 2006, ya rubuta wa hukumomi abin da ya sani. Masu gabatar da ƙara na Amurka sun rufe bincikensu a watan Fabrairun 2012 ba tare da tuhumar kowa ba, amma USADA ta ɗora daga nan. Ta tattara shaidu 26, cikinsu har da tsofaffin abokan tserensa 11, ta fitar da hujjoji masu shafi fiye da 1,000, ta kuma haramta masa wasa har abada.

A watan Janairun 2013 Armstrong ya amsa laifinsa a hirar talabijin da Oprah Winfrey. A 2018 ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 5, kasancewar hukumar gidan waya ta ƙasar ce ta ɗauki nauyin ƙungiyarsa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. UCI ta karɓi gudunmawar dala 125,000 daga hannun mutumin da take da alhakin sa wa ido. Wani kwamiti mai zaman kansa da ya binciki hukumar ya ce a 2015 bai samu hujjar cin hanci ba, amma ya tabbatar da cewa shugabanninta sun riƙa fifita Armstrong da ba shi kariya.

Jakunkunan jini a Madrid

Armstrong ya yi ritayarsa ta farko a 2005, amma matsalar ba ta tafi da shi ba.

A watan Mayun 2006 jami'an tsaron Spaniya suka kai samame wasu gidaje a Madrid masu alaƙa da wani likita, Eufemiano Fuentes, inda suka gano jakunkunan jini kimanin 200 ɗauke da sunayen ɓoye. Jajibirin fara Tour de France aka cire manyan 'yan takara biyu, Jan Ullrich na Jamus da Ivan Basso na Italiya.

Sai dai a lokacin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba laifi ba ne a dokar Spaniya, don haka da laifin yi wa lafiyar jama'a barazana kawai aka iya gurfanar da likitan. An yanke masa ɗaurin shekara guda na jeka-ka-gyara-halinka a 2013, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta wanke shi a 2016. Kafin a miƙa jakunkunan ga hukumomin wasanni, wa'adin da doka ta ba da na hukunta masu su ya riga ya wuce.

Ɗan Spaniya Alejandro Valverde na cikin 'yan kaɗan da aka hukunta, shi ma don hukumomin Italiya sun ɗauki jininsa lokacin da gasar 2008 ta ratsa ƙasarsu, suka gwada ƙwayoyin halittarsa da na ɗaya daga cikin jakunkunan.

Gasar 2007 ita ma ba ta tsira ba. An kama Alexandre Vinokourov na Kazakistan da ƙarin jinin wani, an kuma kori Michael Rasmussen na Denmark yana jagorantar gasar saboda ya ce yana Meziko alhali an gan shi a Italiya. Gidajen talabijin na ARD da ZDF na Jamus suka daina nuna tseren, kamfanin T-Mobile kuma ya janye tallafinsa. Masu lura da al'amura na ganin wannan asara ta kuɗi ta fi kowace nasiha tasiri.

Sabbin dokoki

A 2008 UCI ta zama hukumar wasanni ta farko da ta ɓullo da abin da ake kira fasfon jini. Maimakon neman magani a fitsari, ana ɗibar jinin ɗan tsere lokaci zuwa lokaci a tsawon shekaru, a san yadda jikinsa yake a al'adance. Idan aka ga ƙwayoyin jinin sun yi tsalle ko sun faɗi ta yadda rashin lafiya ko zaman kan tsauni ba za su iya bayyanawa ba, ƙwararru uku su duba, a nemi bahasi.

Da wannan hanya ce aka ƙwace kambun gasar Vuelta ta Spaniya ta 2011 daga hannun Juan José Cobo, amma sai a 2019, bayan shekaru takwas.

Akwai kuma dokar bayyana inda mutum yake. Wajibi ne kowane babban ɗan tsere ya sanar da inda zai kwana, ya kuma ware sa'a guda a kowace rana ta Allah wadda za a iya samunsa domin gwajin ba-zata. Wanda ya saɓa sau uku cikin watanni 12 za a hukunta shi ko da ba a samu komai a jikinsa ba.

Daga 2015 hukuncin mai yin magudi da gangan ya tashi daga shekaru biyu zuwa huɗu. Daga watan Janairun 2021 kuma UCI ta miƙa aikin gwaje-gwaje ga wata hukuma mai zaman kanta, ITA, da ke birnin Lausanne na Suwizaland.

Masana da dama sun yarda fasfon jini ya rage girman magudin, domin babu wanda zai iya ƙara wa kansa jini irin na shekarun 1990 ba a gani ba. Sun kuma yarda cewa mai yin kaɗan-kaɗan, tare da ƙwararren likita, yana iya sulalewa.

Adalci ga wa?

Ginshiƙin dokokin WADA shi ne cewa ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Shari'o'i biyu sun nuna yadda wannan ƙa'ida ke da wuyar sha'ani.

A gasar 2010 an samu sinadarin clenbuterol a fitsarin zakara Alberto Contador na Spaniya, a wani adadi ɗan mitsitsi. Ya ce daga naman shanun da ya ci ne, domin wasu makiyaya na amfani da sinadarin wajen kiwo ba bisa ƙa'ida ba. Kotun sauraren ƙararrakin wasanni ta duniya ta ƙi amincewa da wannan hujja, ta dakatar da shi shekaru biyu a watan Fabrairun 2012, ta kuma ƙwace kambunsa.

A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekaru 17 da aka yi a Meziko a 2011 kuwa, an samu sinadarin a jikin 'yan ƙwallo 109 cikin 208 da aka gwada, kuma ba a hukunta ko ɗaya ba saboda an tabbatar matsalar nama ce a ƙasar. A 2019 WADA ta sassauta dokar, inda ta ce a fara bincike tukuna idan adadin bai kai wani mizani ba. Abin da aka samu a jikin Contador ya gaza wannan mizani sau ɗari.

Shi kuwa Chris Froome, ɗan Birtaniya haifaffen Kenya, an samu maganin asma na salbutamol a fitsarinsa a gasar Vuelta ta 2017, ninki biyu na abin da aka yarda da shi. Ya ci gaba da tsere, har ya lashe gasar Giro ta Italiya ana cikin shari'ar, sannan aka wanke shi a watan Yulin 2018 bayan lauyoyinsa da masana kimiyya sun ƙalubalanci ingancin gwajin.

Kafin nan an dakatar da 'yan Italiya biyu, Alessandro Petacchi da Diego Ulissi, saboda wannan magani, kuma adadin da aka fara aunawa a jikinsu bai kai na Froome ba. Mai yiwuwa wanke Froome daidai ne. Amma tambayar da ta rage ita ce ko ɗan tseren wata ƙaramar ƙungiya, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar irin waɗannan lauyoyi, zai samu irin wannan sakamako.

'Yan sanda kuma

Ko da duk waɗannan gyare-gyare, babbar badaƙala ta baya-bayan nan ma ta hannun 'yan sanda ta fito. A watan Fabrairun 2019, bayan wani ɗan wasan zamiya a kan ƙanƙara ya fallasa asiri a gidan talabijin na ARD, jami'an Ostiriya da Jamus suka cafke wani likita a birnin Erfurt, Mark Schmidt, da jakunkunan jini. 'Yan tseren keke biyu na Ostiriya, Stefan Denifl da Georg Preidler, sun amsa cewa suna cikin abokan cinikinsa, alhali gwaje-gwaje ba su kama su ba.

Bambancin wannan shari'a da ta Madrid shi ne Jamus ta riga ta mayar da lamarin babban laifi a 2015. Kotu a Munich ta ɗaure likitan shekaru huɗu da watanni 10 a 2021.

Amurka ma ta kafa irin wannan doka a 2020, wadda ke farautar masu samar da magungunan, kuma mutum na farko da aka tuhuma a ƙarƙashinta shi ne wanda ya samar wa 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare haramtattun magunguna gabanin wasannin Olamfik na Tokyo.

Tsakanin halal da haram

A 'yan shekarun nan muhawarar ta fi karkata ga abubuwan da doka ba ta riga ta hana ba.

Ƙwayar tramadol, wadda ba baƙuwa ba ce ga mazauna arewacin Najeriya da Nijar, 'yan tsere sun daɗe suna shan ta domin kashe raɗaɗi a ƙarshen zango. UCI ta hana ta a lokacin gasa a 2019, kuma a kanta ne aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a gasar 2022, duk da ya musanta shan ta. Sai a 2024 WADA ta saka ta cikin jerin abubuwan da ta haramta.

A 2024 kuma aka samu rahotannin cewa wasu manyan ƙungiyoyi na amfani da na'urar shaƙar iskar kabon monoksaid, wato irin gubar da ke cikin hayaƙin janareto. Ƙungiyoyin sun ce suna amfani da ɗan kaɗan ne domin auna yawan jini a lokacin atisaye, wanda sananniyar hanya ce a likitance. Amma bincike ya nuna maimaita shaƙar na iya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. UCI ta hana maimaitawar daga watan Fabrairun 2025.

Gadon zargi

Tadej Pogačar na Sloveniya ya lashe Tour de France a 2020 da 2021 da 2024 da kuma 2025, Jonas Vingegaard na Denmark kuma ya lashe a 2022 da 2023. Babu ɗayansu da aka taɓa samu da laifi, kuma dukansu sun sha nanata cewa hannunsu a tsabtace yake.

Duk da haka kusan kowace shekara sai an yi musu tambayar. Saurin gasar 2022 ya zarce na 2005, wadda ita ce mafi sauri a zamanin Armstrong. A 2024 Pogačar ya hau dutsen Plateau de Beille da sauri fiye da na Marco Pantani na 1998 da sama da mintuna uku.

Masu kare 'yan tseren yau na da hujjoji masu ƙarfi. Kekuna da tayoyi da tufafi sun fi na da yanka iska, zangunan sun fi gajarta, an fi sanin ilimin atisaye a kan tsaunuka, kuma 'yan tsere na cin abinci mai sukari a kan keke fiye da yadda aka saba a da nesa ba kusa ba.

Masu shakka kuma na nuni da cewa yawancin daraktoci da likitocin ƙungiyoyi mutanen wancan zamani ne. Shugaban ƙungiyar Pogačar, Mauro Gianetti, shi ne ya jagoranci ƙungiyar Saunier Duval lokacin da aka kama tauraronta Riccardo Riccò da wani sabon nau'in EPO a gasar 2008, ko da yake shi kansa ba a same shi da laifi ba.

Sauri a kan dutse ba hujja ba ce da za ta tsaya a gaban kowace kotu, kuma zalunci ne a yanke wa matashi hukunci da laifin magabatansa. Matsalar ita ce amsar da mai gaskiya zai bayar, cewa ana gwada shi kullum ba a samu komai ba, ita ce dai amsar da Armstrong ya yi shekaru yana bayarwa.

Lamarin ya fara shafar Afirka kai tsaye. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a gasar 2024, birnin Kigali na Ruwanda kuma ya karɓi baƙuncin gasar duniya a watan Satumban 2025, karo na farko a nahiyar. Duk matashin Afirka da ya shiga wata babbar ƙungiya, waɗannan dokoki na fasfon jini da bayyana masauki za su hau kansa, a ƙasashen da kai samfurin jini ɗakin gwaji cikin sanyi kuma a kan lokaci ke da wuya da tsada.

Dokokin yanzu sun ba da damar adana samfuri da sake gwada shi har tsawon shekaru 10, domin kimiyya ta samu lokacin cim ma masu magudi.

An taɓa yin irin wannan da samfurin gasar 1998, wadda badaƙalar Festina ta mamaye. An sake gwada su a 2004, amma sai a watan Yulin 2013 wani kwamitin majalisar dattawan Faransa ya fitar da bayanan da suka nuna masu su. Cikin waɗanda aka ga EPO a fitsarinsu har da Pantani da ya zo na ɗaya da Ullrich da ya zo na biyu.

Pantani ya riga ya mutu tun watan Fabrairun 2004 a wani ɗakin otal a garin Rimini na Italiya, sakamakon shan hodar iblis fiye da ƙima, yana da shekaru 34. Tun da ba a bi ƙa'idojin hukunci wajen sake gwajin ba, ba a ɗauki mataki a kan kowa ba, kuma sunansa bai gushe daga kundin gasar a matsayin zakaran 1998 ba.